Kabejin Ranar Talata

Belmiro Fangueiro ya yi shekara talatin da ɗaya yana cin abinci da kalma guda. A Santa Iria, kafin a gina ganuwar dutsen da ta kare bakin tasha, daga kan yashi ake tura jiragen su cikin teku, kuma ba kullum teku ke yarda ba. Mutum goma sha huɗu za su dafa jirgi, ruwa iya gwiwa, suna jira. Belmiro na tsaye a goshin jirgin ya ƙura wa taguwar ruwa ido, yana barin manyan su wuce, uku, biyar, wani lokaci tara, har ya hango ɗan lafawar da ke biyo bayansu, sai ya ce, "Yanzu!" In ya faɗa da wuri jirgi ya kife, in ya makara jirgi ya kife. A duk shekarun nan sau biyu ya kifar, kuma har gobe yana cewa na biyun laifin wani kurma ne da ke riƙe da gefen hagu.

Matan gari sun yi imani ƙirga bakwai yake yi, wai taguwa ta bakwai ita ce babba. Shi kuwa in an tambaye shi cewa yake, "Teku bai shiga makaranta ba, ina zai san bakwai?"

Da aka gina ganuwa, jirage suka samu inji, sai aka daina neman kalmarsa. Bai yi fushi sosai ba. Ya koma saƙar taru da gyaran ƙugiya, yana fita su in ya ga dama, yana kuma koya wa Telmo, ɗa ɗaya tilo da suka haifa da matarsa Deolinda, yadda ake karanta ruwa.

Telmo na da shekara ashirin da bakwai jirgin da yake aiki a ciki ya kife a hanyar shigowa tasha, mita ɗari huɗu daga ganuwa, wata ranar Talata ta watan Nuwamba, da misalin ƙarfe tara na safe. Su uku ne a ciki. Teku ya mayar da biyu, ban da Telmo.

Bayan addu'ar kwana talatin, Deolinda ta kama hannun mijinta ta kai shi coci, gaban gunkin Maryamu mai tsaron masunta, ta sa ya yi alkawarin ba zai ƙara taka jirgi ba. Suka bar gidansu na bakin ruwa suka koma lungun bayan coci, inda babu tagar da ke kallon teku. Ta sa baƙaƙen kaya ba ta ƙara cirewa ba. In za ta kasuwa, zagaye take yi ta titin makaranta don kada idonta ya sauka kan ruwa. Belmiro ya riƙe alkawarin nan shekara shida cur, ya yi ƙiba, ya zama gwanin karta a shagon gahawar Anacleto, abokinsa tun suna yawo ba takalmi.

Sai masu neman wutar lantarki suka zo. Suka fafe wani ɗaki a cikin ganuwa, bakinsa a ƙarƙashin ruwa. In taguwa ta shiga sai ta tura iska sama ta cikin bututu, in ta janye sai ta zuƙo ta, iskar kuma ta juya farfela, farfela ta juya janareto. Ranar da aka fara kunna shi, injin ya saki wani dogon nishi da aka ji har maƙabarta. Kafin yamma duk gari na kiransa Saniya.

Mai kula da Saniya wata injiniya ce, Iolanda Sequeira, 'yar cikin duwatsun Bragança, wadda ba ta ga teku ba sai da ta shiga jami'a. Ofishinta kwantena ce a kan ganuwa, ba taga ta wajen ruwa, don ta ce hasken rana na hana ta ganin allon kwamfuta. Da ta ji labarin Belmiro, ita da kanta ta aika a kira shi.

"Kawu Belmiro, aikinka muke so mu koya wa inji," in ji ta.

"Allah sarki. Karta?"

"A'a, na da. Ka ga, in Saniya ta san girman taguwar da ke tafe tun ba ta iso ba, sai ta shirya mata. In babba ce, ta rage iskar da ke shiga ta kuma ƙara wa janareto nauyi, don kada farfela ta haukace. In ƙarama ce, ta sassauta don farfela ta samu ta juya. In ba ta sani ba kuwa, kullum a makare take, kamar mai rawar da ba ya jin ganga."

"To wa zai riƙa gaya mata?"

Ta fito da shi waje ta nuna masa wani ƙaton gora na ƙarfe, rawaya, yana lilo can cikin ruwa, ɗaure da sarƙa a ƙasa. Duk taguwar da ta ɗaga shi, in ji ta, yana aiko da labarinta nan take, kwamfuta ta yi lissafi, Saniya ta samu daƙiƙa arba'in na shiri.

"Daƙiƙa arba'in!" in ji Belmiro. "Ni gwiwata tun jiya take gaya mini."

"To ka ba mu aron gwiwar mana, Kawu."

Ya buɗe baki zai rama, sai idonsa ya yi abin da idon masunci ke yi ba da izininsa ba: ya daidaita goran da hasumiyar coci ta baya, ya daidaita shi da baƙin dutsen da ke kudu. Ya rufe baki. Ya yi mata sallama ya tafi bai sha gahawar da ta zuba masa ba.

A daidai wurin da jirgin su Telmo ya kife ne. Da ma ba a iya tsayawa a can, don ƙasan dutse ne, anga ba ta kamawa, in ta kama kuma ba ta fitowa. Yanzu ga abin ɗaure jirgi an kafa masa a kai, har da fenti.

Talatar da ta biyo baya ya ce wa Deolinda zai je taya Anacleto aikin lambu. Anacleto ba shi da lambu, ko tukunyar fure ba ya iya rayawa, amma yana da ƙaramin kwale-kwale mai inji. Belmiro ya fita, ya ɗaure igiyarsa a kunnen goran, ya kashe inji, ya zauna. Ya ci burodi da tsiran alade. Ya gaya wa Telmo yadda ƙwallon ranar Lahadi ta kaya, da wanda ya yi aure, da wanda ya kamata a ce bai yi ba. Ya zuba ɗan ruwan inabi a teku, kaɗan, don yaron bai taɓa iya sha ba. Ƙarfe goma sha ɗaya ya kwance. A hanyar gida ya biya kasuwa ya ɗauki kabeji ɗaya, shaidar lambu.

Haka ya ci gaba kowace Talata in ruwa ya yarda. Duk gari sun sani. Jiragen da ke wucewa sukan rage gudu, mazan ciki su cire hula, ba wanda ya taɓa ɗaga zancen a tudu. Deolinda kuma takan karɓi kabeji ta juya shi ta ce, "Lambun Anacleto akwai albarka," ta yanka a miya.

Shekarar farko goran saurare kawai yake yi ana tara labarin ruwa. Da bazara ta biyu aka haɗa shi da Saniya, aka ce daga yau maganarsa za ta bi. Wutar da take bayarwa ta ƙaru, har aka zo daga jarida. Amma sai ta tsiri wata ɗabi'a: tana cikin nishinta na kullum, sai ta ɓarke da wani irin kuka kamar an taka mata wutsiya, ta yi ta yi, ƙarshe ta kashe kanta don kada farfela ta karye. Belmiro yakan jiyo kukan daga cikin ruwa ya ce wa Telmo, "Ka ji ta ko? Ilimin jami'a ke nan."

A shagon Anacleto ba shi da zance sai wannan. Yana raba karta yana cewa, "A ba ni kujera a kan ganuwa da ƙararrawa, in yi musu aikin a kan kofin gahawa. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa yin kuka irin wannan ba."

Wata Juma'a bayan abincin rana Iolanda ta shigo shagon, idanunta sun faɗa, ta zauna kusa da teburin 'yan karta ta nemi gahawa mai ƙarfi.

"Injiniya, yaya jikin Saniya?" in ji Belmiro. "Ko a kira mata likitan dabbobi?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce ta canja wayoyi, ta canja kwamfuta, ta sake lissafinta tun daga tushe har sau uku. Ta sa an ciro goran an duba, lafiyarsa lau, an mayar. Amma sau talatin da huɗu ke nan yana aiko da ƙarya: ya ce ƙaramar taguwa ce tafe, Saniya ta saki jiki, sai uwar taguwa ta faɗo mata. Masu ɗaukar nauyin aikin za su zo ƙarshen wata. In ba a gano dalili ba, za su rufe.

"Su rufe mana," in ji wani daga 'yan karta. "Mu huta da kuka."

"Za su kwashe komai. Farfela, kwantena, goran, har sarƙarsa."

Belmiro ya ajiye kartarsa a hankali. "Har goran?"

"Shi za a fara cirewa, shi ne mai laifin. Abin da ya fi ɗaure mini kai, Kawu, ƙarfe bai san ranaku ba. Amma wannan ba ya ƙarya sai ranar Talata, daga tara da 'yan mintoci zuwa sha ɗaya. Me ke faruwa a garin nan ranar Talata?"

Mutum takwas suka duƙufa kallon cikin kofunansu kamar an jefa musu zinariya a ciki. Anacleto ya shiga goge teburin da ya riga ya goge.

"Ranar Talata," in ji Anacleto a ƙarshe, "ana kawo sabon kabeji kasuwa."

Da ta fita, ya juyo kan abokinsa. "To, na Deolinda, likitan dabbobi. Ka ji cutar."

"Yi mini shiru. Igiya guda ce fa, siririya."

"Siririyar igiya da ƙaton tsoho a bakinta. Yaya goran zai tashi da taguwa kana rataye a wuyansa kamar kaska?"

Belmiro ya yi lissafinsa. In ya yi shiru, za a cire goran, wurin ya koma ruwa kamar kowane ruwa. In ya yi magana, Injiniya za ta rubuta, a karanta a taron ƙungiyar masunta, kafin a tashi zancen ya isa lungun bayan coci. Sai ya nemi hanya ta uku, irin ta mai wayo: Talatar nan ya ƙi fita. Ya zauna a ɗakin ajiyar Anacleto cikin akwatunan kwalabe, kabeji a cinya, har sha ɗaya. Saniya ta yi nishinta lafiya lau.

Da ya isa gida, ya tarar da Deolinda tsaye a bakin ƙofa, abin da ba ta saba ba, tukunyar dankali ba a ko ɗora ba. Ta dube shi daga hula har takalmi.

"Yau Saniya ba ta yi kuka ba," in ji ta.

"Ta warke ke nan."

"Uhm." Ta karɓi kabeji ta shige.

Washegari ya je kwantena yana fara'a don a yi masa albishir. Ya tarar da Iolanda ta dafe kai.

"Ai gara da ta yi kukan, Kawu. Cutar da ta tafi ba a san sunanta ba, dawowa za ta yi, su ma sun sani. Ba lafiyar mako ɗaya suke nema ba, dalili suke nema."

Ya tsaya yana juya hularsa a hannu. Ya dubi bangon kwantenar, inda ya kamata a ce akwai taga.

"Injiniya, kin taɓa zuwa wurin goran ranar Talata?"

"Laraba nake samun jirgin kamfani."

"To Talata mai zuwa ki zo matakalar tasha ƙarfe tara saura. Kada ki ci komai mai maiƙo."

Ta zo da rigar iyo har wuya da ƙaramar kwamfuta a cikin leda. Tun ba su fita bakin ganuwa ba fuskarta ta koma launin kabejin da ya kwana biyu. Ta riƙe gefen kwale-kwalen da hannu biyu.

"Shekara nawa kika yi kina karatun taguwa?" in ji Belmiro.

"Goma sha ɗaya. Don Allah kada ka sa ni magana."

"Kalli nesa, daina kallon ƙafarki. Ga wata nan tafe, babba. Ta bayanta ƙarama ce. Ta uku kuma sai kin yi haƙuri."

A ta ukun ta mayar wa teku da burodin safe.

Suka isa. Belmiro ya kashe inji, ya miƙa hannu ya zura igiya a kunnen goran, ya ɗaure da ƙullin da hannunsa ya saba, ya zauna. Taguwa ta zo ta ɗaga su, kwale-kwalen ya ja baya, igiya ta miƙe, goran ya yi ƙoƙarin tashi ya kasa, ya sunkuya. Iolanda ta dubi igiyar. Ta dubi agogonta. Leɓunanta na motsi tana ƙirgawa. A kan arba'in da biyu, daga can ganuwa, Saniya ta kwarma ihu.

Iolanda ta ɗago kai daga agogonta.

"Sau uku na sake lissafina," in ji ta. "Na rubuta wa malamina na jami'a cewa wataƙila ban dace da aikin nan ba."

"Lissafinki lafiyarsa lau. Taga ce ba ki da ita."

"Me ya sa, Kawu? Ga teku nan duka, me ya sa sai nan?"

Ya nuna mata hasumiyar coci, ya nuna mata baƙin dutse, ya gaya mata a cikin jimla uku. Sannan ya kwance igiyar da kansa, ya riƙe kwale-kwalen da filafili, suna lilo a gefen goran, Saniya ta yi shiru. Iolanda ta goge bakinta da hannun riga.

"Dole in rubuta abin da na gani," in ji ta. "Ba zan sa suna ba."

"A Santa Iria? Ki ce wani tsoho, kowa ya san tsohon. Rubuta kawai. Amma ki ba ni zuwa yamma."

Ranar ya shiga lungun bayan coci hannu rabbana. Deolinda na fere dankali a kan teburin kicin. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki kamar wanda aka kira gaban alƙali, ya cire hula.

"Ke matar nan, akwai maganar da zan gaya miki."

"Ina kabeji?"

"Maganar ke nan. Anacleto ba shi da lambu."

"Kai mutumin nan, kabejin lambu ne ke zuwa da takardar farashi manne a gindinsa? Shekara biyu ina ɓare ta. Wandonka kuma in na wanke, gishirin da ke fita ya isa a jiƙa kifi."

Belmiro ya nemi kujera ya zauna. "Kin sani?"

"Na kuma gaji da miyar kabeji, in kana son ka sani."

"To me ya hana ki magana?"

Ta ci gaba da fere, ɓawon na sauka a zare ɗaya bai tsinke ba. "Da can ina zama nan daga tara har ka shigo, ban san komai ba. Da Saniya ta fara kuka sai na lura. In ta fara, ka isa ka ɗaure. In ta yi shiru aka sake kunna ta, ka kwance ka taho, sai in ɗora dankali. Makon jiya ba ta yi kuka ba, na tsaya a ƙofar nan awa biyu." Ta jefa dankalin a ruwa. "Yau kuma ta yi sau ɗaya ta daina. Kada ka ƙara yi mini haka."

Ya gaya mata komai, har da aman Injiniya. A nan ne kawai gefen bakinta ya motsa.

"Alkawarin fa?" in ji shi.

"Ni na kai ka coci, ni zan je in yi wa Maryamu bayani. Ita ma ɗa ɗaya gare ta." Ta ɗauki wani dankalin. "Kana gaya masa ina gaishe shi?"

"Kowane mako."

"Ƙarya kake, ƙwallo kake gaya masa."

Masu ɗaukar nauyin aikin suka zo ƙarshen wata, aka karanta musu dalili, aka ce ɗayansu ya yi dariya har ya cire tabarau. Saniya ta tsira, goran ya tsira. Iolanda ta sa aka kafa wani ƙaramin gora ja, mita sittin kudu da na farko, don ɗaure jirgi, ta kuma sa aka yanka taga a bangon kwantena. Belmiro ya yi kwana uku yana gunaguni cewa jan goran ba a daidai wurin yake ba, bai hau layin hasumiya ba.

"Yaron da bai taɓa zama wuri ɗaya ya gama cin abinci ba," in ji Deolinda, "mita sittin ce za ta dame shi?"

Saura magana ɗaya, kuma Deolinda da kanta ta tare Injiniya da ita a bakin coci ranar Lahadi: yanzu da Saniya ta warke, ta yaya mutum zai san lokacin ɗora dankali? Iolanda ta ce a saya wa Kawu waya. Belmiro ya ce shi da waya sai dai a binne su tare. Iolanda ta yi ɗan tunani, ta ce ita dai a matsayinta na injiniya ba za ta taɓa ba wa kowa shawarar ya taɓa kayan aikinta ba, kuma ranar Talata wajen sha ɗaya takan fita shan gahawa.

Tun daga nan, kowace Talata in ruwa ya yarda, Belmiro kan kwance daga jan gora, ya matso kusa da rawayan, ya jira. Yana barin ƙananan su wuce. In ya hango wadda ta yi masa, sai ya saƙala ƙugiya a kunnen goran ya danne shi da duk nauyinsa, sau ɗaya, ya ce, "Yanzu," ya saki. Bayan daƙiƙa arba'in Saniya ta yi gajeren kuka guda, ta koma aikinta. A lungun bayan coci Deolinda ta kunna wuta a ƙarƙashin tukunya.